Daren da Muka Bi Sawun Ƙara

A tsibiran Chiloé ruwan sama ba baƙo ba ne,
ɗan gida ne, ya san inda muke ajiye gishiri.
Amma na daren Talatar nan tare ya zo da iskar arewa,
ita kuwa ba ta sallama.

Rayén, shekara huɗu da 'yan watanni,
ta shige ƙarƙashin tebur da bargon ulu,
ƙafa ɗaya da safa, ɗaya babu.
Uwarta na can Quellón, aikin dare a kamfanin kifi,
jirgin fito ya daina tashi tun yamma.
Saura ni, da ita, da murhu.

Na ce, "Ba komai ba ne."
Ta yi mini kallon da ake yi wa maƙaryaci,
don ta san mai hoton da ke jikin bango:
ƙanena Baldomero, hula a karkace,
wanda ya fita da kwalekwale a dare irin wannan,
teku ta maido mana da filafili ɗaya.

Sai na haɗiye maganata.
Na durƙusa, gwiwa na kuka kamar tsohuwar ƙofa,
na cusa kai inda take.
"Gaskiyarki. Ni ma cikina ya ɗuri ruwa.
Amma ƙarar nan ba ɗaya ba ce, taro ne.
Taso mu ga su wa da wa suka zo."

Na ba ta tocila.
Ita ce mai haske, ni ɗan rakiya.

Mai ƙwanƙwasa tagar baya?
Reshen tuffa ne, sanyi ya dame shi,
so yake a buɗe masa.
Mai kuka kamar kare a ɗaure?
Bututun murhu ne, iska ta kafa baki tana busa.
Ɗis, ɗis, a kan buhun dankali,
rufin da na yi alkawarin gyarawa tun bara.
Ta jawo tukunya da kanta ta tara,
ta ce za ta gaya wa Mama laifina ne.
Na ce to.

Sai ga wata daga ƙarƙashin katakon ɗaki,
gurnani mai nauyi, ya zo, ya koma, ya zo.
Muka haska, muka ɗaga darduma, muka kasa kunne.
Ba mu gano ta ba.
Hannunta ya damƙe yatsana.
"Wannan fa?"
"Ban sani ba, Rayén."
Ta daɗe tana tunani, leɓe a cije,
ta ce, "To a sa mata suna."
Ta sa mata Eduvina,
sunan maƙwabciyarmu mai minshari a coci.

Ban san dariya na nan kusa ba
sai da ta kuɓuce mini.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba.
Da tsawa ta faɗo ta yi tsalle, ta yi kuka,
ta jiƙa mini wuyan riga.
Amma a tsakiyar kukan ta ɗago kai
ta daka wa katako tsawa tata:
"Eduvina, ya isa haka!"

Barci ya ɗauke ta a benci bayan murhu,
tocila a kunne cikin tafinta.
Ban kashe ba. Batir abin saya ne.
Na zauna ina juye tukunya in ta cika,
ina duban Baldomero, yana dubana.

Da gari ya waye shinge ya kwanta,
kaji sun jiƙe sun koma rabi,
tuffa ta zube ko'ina, ɗanya da nunanniya.
Ta fita da takalmin roba, hagu a dama,
tana tsinta tana zubawa a hulata.

"Ta tafi?"
"Ta tafi. Amma za ta dawo."
Ta gatsi tuffa, tsami ya rufe mata ido ɗaya.
"In ta dawo, ni ke riƙe tocila.
Kai kuma ka gyara rufi."